Shin addinin Hindu da na Buddha daga mutanen Kwarin Indus suka fito?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tarihi ne. Na ji ana cewa addinin Hindu ya fi kowane addini daɗewa, wai tun mutanen Harappa da Mohenjo-daro suke bin sa, har an ga siffar Shiva, ɗaya daga manyan allolin Hindu, a kayansu. Wani kuma ya ce mini Buddha ma a wurinsu ya gaji zaman harɗe da bishiyar da ya zauna a gindinta. Me mutanen nan suka yi imani da shi, kuma da gaske addinan biyu daga gare su suka fito?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Wanda ya faɗa maka haka bai ƙirƙiro maganar daga kansa ba, ta kusa shekara ɗari tana yawo a littattafai. Sai dai an riƙa faɗinta da ƙarfin da hujjarta ba ta kai ba. Fahimtata ita ce, akwai abubuwan da suka gangaro daga mutanen nan zuwa Indiya ta yau, kuma yawancinsu abubuwa ne da hannu ke yi, ido ke gani: wanka, girmama bishiya, wani irin zama, adon mata. Su kuwa allolin Veda, wato tsofaffin littattafan addinin Hindu, da aƙidar Buddha, hanyarsu daban ce.

Mutanen da muke magana a kansu sun gina birane, irin su Harappa da Mohenjo-daro, a kwarin kogin Indus da kewayensa, a ƙasar da yau take Pakistan da arewa maso yammacin Indiya. Biranen sun bunƙasa daga wajen shekara ta 2600 zuwa 1900 kafin Miladiyya, zamani ɗaya da masu gina dalar Masar da biranen Iraƙi ta dā. Sunan kogin a Sanskrit, tsohon harshen littattafan Hindu, Sindhu ne. Farisawa suka mai da shi Hindu, Larabawa suka ce Hind da Sind, daga nan har sunan Indiya da na addinin Hindu suka samo asali. An manta da biranen nan gaba ɗaya, har ta kai a shekarun 1850 masu shimfiɗa layin dogo tsakanin Lahore da Multan suka riƙa kwasar jan tubalin Harappa suna farfasawa suna zubawa a ƙarƙashin layi. Sai a 1921 Daya Ram Sahni ya fara tono na sosai a Harappa. A 1922 Rakhaldas Banerji ya fara tono a Mohenjo-daro, kuma abin da ya kai shi wani kango ne a saman tudun garin, wanda aka ɗauka ƙubbar 'yan Buddha ce ta wajen ƙarni na 2 na Miladiyya. Da ya haƙa ƙarƙashinta sai ya ci karo da birnin da ya girme ta da fiye da shekara dubu biyu. John Marshall, shugaban hukumar tonon kayan tarihi ta Indiya a lokacin, ya shelanta wa duniya a 1924.

Babbar matsalar da kowa ke karo da ita ita ce rubutunsu. Sun bar alamomi kusan 400 a kan dubban hatimai da gutsattsarin tukwane, amma har yau ba a karanta su ba. Yawancin rubutun bai wuce alama biyar ba, kuma ba a sami wani allo da ya zo da harshensu gefe guda da wani sanannen harshe ba. Saboda haka babu sunan abin bauta ko ɗaya da ya iso gare mu daga bakinsu, babu addu'a, babu waƙa. Duk sunan da ka ji, irin su Sarkin Malamai ko Uwar Alloli ko Pashupati, masu tono ne suka laƙaba. Halin da muke ciki da su ya yi kama da halinmu da kawunan yumɓu na Nok: muna ganin fuska da kitso da ado, amma masu su ba su bar mana bayani ba.

Wani abin da ke ba kowa mamaki shi ne, ba a gano gini ko ɗaya da za a nuna a ce tabbas wannan haikali ne ba. A Masar da Iraƙi wurin bauta da fadar sarki su ne suka fi komai girma a gari. A nan kuwa dukiyar gari ta tafi ga ruwa. An ƙiyasta rijiyoyin Mohenjo-daro sun kai 700. Gidaje da yawa suna da makewayi da aka daɓe da tubali, ruwansa na bin kwata zuwa magudanar titi da aka rufe. A saman tudun garin kuma akwai ginin da aka fi sani, wato Babban Wurin Wanka: tsawonsa mita 12, faɗinsa 7, zurfinsa wajen 2.4, da matakala a arewa da kudu, an shafe bayan tubalinsa da kwalta don kada ruwa ya zurare, an kewaye shi da ginshiƙai da ƙananan ɗakuna. Mutanen da kowannensu ke da wurin wanka a gida ba za su yi wannan wahala don cuɗa jiki kawai ba. Na yarda da masu cewa wurin tsarki ne na ibada. Wanda ya ga tafkunan da ake ginawa a gaban haikalan Hindu, ko matakalan da ke gangarawa cikin kogin Ganga a Varanasi inda dubban mutane ke nitso da asuba, dole zuciyarsa ta koma Mohenjo-daro. Amma mu da muka tashi muna ganin buta a ƙofar masallaci mun san haɗa tsarki da ibada ba na al'umma ɗaya ba ne. Wankan shi kaɗai ba zai ɗauki nauyin da'awar ba, sai an haɗa shi da wasu shaidu.

Yanzu ga hatimin da aka ce maka an ga siffar Shiva a jikinsa. An tono shi a Mohenjo-daro a kakar aiki ta 1928 zuwa 1929, ɗan ƙaramin dutse mai laushi da bai kai tafin hannun yaro ba, yanzu yana gidan tarihi na ƙasa a Delhi. A jikinsa akwai wani zaune a kan ɗan dandamali, gwiwoyinsa a buɗe, dugadugansa a haɗe, hannayensa cike da awarwaro sun sauka kan gwiwa, kansa ɗauke da manyan ƙahoni. Giwa da damisa mai ratsi-ratsi da karkanda da ɓauna sun kewaye shi, ƙarƙashin dandamalin kuma ga wasu dabbobi biyu masu kama da barewa. A littafinsa na 1931 Marshall ya ce wannan shi ne Shiva na farko, kuma ya kawo dalilai: yana ganin fuska uku, ƙahonin da tsinin da ke tsakaninsu sun yi kama da mashin Shiva mai baki uku, zaman zaman yoga ne, sannan ɗaya daga sunayen Shiva shi ne Pashupati, wato ubangijin dabbobi.

Maganar ta yi daɗin ji, shi ya sa ta shiga littattafan makaranta. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Kalmar pashu a tsohon Sanskrit dabbar gida take nufi, irin wadda ake ɗaurewa a turke, su kuwa na jikin hatimin namun dawa ne. Masaniya Doris Srinivasan ta sake duban fuskar ta ce abin da Marshall ya ɗauka fuskoki biyu na gefe kunnuwan dabba ne, kuma ƙahonin na ɓauna ne. Dabbar Shiva kuwa bijimi ne mai suna Nandi. Rudra, wanda daga baya ya zama Shiva, a cikin Rigveda, mafi daɗewar littattafan Veda, maharbi ne mai baka da kibiya da ake roƙo ya kau da fushinsa, waƙoƙi kaɗan ne nasa, ba a siffanta shi a zaune yana halwa ba. Siffofin Shiva na dutse da aka tabbatar ba su wuce ƙarni biyu ko uku kafin Miladiyya ba. Tsakaninsu da hatimin nan akwai kusan shekara dubu biyu.

Duk da haka ba na jefar da hatimin. Wannan zama na haɗa dugadugai ba sau ɗaya ya bayyana ba, ya maimaitu a wasu hatimai da ƙananan alluna, wani lokaci da mutane durƙushe a gefe. Zama ne mai wuya, wanda ba ya yiwuwa sai da horon jiki. Akwai wani ɗan allon yumɓu daga Harappa da ke nuna mutum ya taka kan ɓauna da ƙafa yana soka mata mashi, mai ƙahon nan kuma yana zaune a gefe yana kallo. Duk wanda ya san labarin Durga, ɗaya daga allolin Hindu mata, da ta kashe aljanin ɓauna Mahisha, ko ya san har kwanan nan ana yanka ɓauna ga allolin ƙauye mata a kudancin Indiya da Nepal, zai ce ruwa ba ya tsami banza. Ni dai ina ganin wannan allo ya fi hatimin Marshall ƙarfi wajen nuna wani abu ya gangaro.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce ta bishiya. Bishiyar da ake kira pipal dangin cediya da durumi da ɓaure ce, ganyenta mai faɗi da dogon tsini a baki. Mutanen Indus sun zana ganyenta a tukwanensu tun kafin biranen su girma. A wani hatimi na Mohenjo-daro an nuna wani mai ƙaho tsaye a tsakanin rassan pipal, wani na durƙushe a gabansa, ga ƙaton bunsuru a baya, a ƙasa kuma mutum bakwai sun jeru da dogayen riguna da kitso guda a baya. Ko ba a karanta rubutun da ke sama ba, wannan hoton ibada ne, babu wata fassara da ta fi wannan sauƙi. Ita wannan bishiya kuwa ba ta taɓa rasa daraja a ƙasar ba. Littattafan Sanskrit suna kiranta ashvattha suna girmama ta, har yau mata na ɗaura mata zare suna kewaya ta, kuma a gindinta ne 'yan Buddha suka ce ya sami wayewarsa a Bodh Gaya.

Sauran shaidun da ake kawowa ba su kai waɗannan ba. An sami 'yan tsanar yumɓu na mata masu yawa, da ado a ka da wuya, Marshall ya ce gumakan uwa ne. Da yawansu a juji aka tsinto su a karye, kuma ana iya yinsu don wasa ko don wani tsafi na gida da ake jefarwa in an gama. Duwatsu masu tsini da masu rami a tsakiya da ya ce alamar Shiva ce, tonon Dholavira ya nuna irin masu ramin gindin ginshiƙai ne. A Kalibangan da Lothal an sami ramuka da aka jera da toka a ciki, wasu suka ce wurin hadayar wuta ne irin na Veda, wasu suka ce murhu ne. Alamar swastika kuwa, wato gicciye mai lanƙwasassun hannuwa, tana nan a hatimansu ba shakka, kuma har yau alamar sa'a ce ga 'yan Hindu da Buddha da Jain, amma an same ta a tsofaffin al'ummu da yawa da ba su da alaƙa da Indiya.

Inda maganar “addini ɗaya ne tun daga Harappa” take tuntuɓe shi ne idan ka buɗe Rigveda, littafi mafi daɗewa a addinin Hindu, mai waƙoƙi 1,028, wanda yawancin masana ke sa tsara shi tsakanin 1500 da 1200 kafin Miladiyya. Duniyar da ke cikinsa ta makiyaya ce: shanu, dawaki, karusar yaƙi, hadaya a filin Allah ana zuba man shanu a wuta, ana kiran Indra da Agni da Varuna, ana shan wani abin sha na ibada mai suna soma. Doki ya cika littafin. A hatiman Indus kuwa babu doki. Dabbar da ta fi yawa a jikinsu wata ce mai ƙaho ɗaya da wani abu kamar kasko mai ƙafa a gabanta, kuma wannan ba ta da gurbi a Veda. Akwai bijimi mai tozo, amma saniya, wadda ta zama abin girmamawa daga baya, ba a sa ta a hatimi ba. Mutanen Harappa da aka tono kaburburansu binne su aka yi, kai na arewa, da tukwane a gefe, alhali ƙona gawa ne ya zama al'adar Hindu.

Allolin Veda kuma suna da dangi a yamma. A wata yarjejeniya ta ƙarni na 14 kafin Miladiyya tsakanin sarkin Hittiyawa da na Mitanni, wadda aka tono a Turkiyya, an rantse da Mitra da Varuna da Indra da Nasatya. Tsohon littafin Farisa, Avesta, yana da Mithra da haoma, 'yan'uwan Mitra da soma. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2019 ya ƙara haske: ƙasusuwan wata mata daga Rakhigarhi ba su da gadon makiyayan filayen tsakiyar Asiya, kuma wannan gado ya shigo yankin ne bayan 2000 kafin Miladiyya. Binciken ya kuma nuna mafi yawan mutanen Indiya da Pakistan na yau suna ɗauke da gadon mutanen Indus. Kada ka ɗauka yaƙi aka yi aka share su. Mortimer Wheeler ya taɓa ɗora wa baƙin makiyayan nan laifin rusa biranen saboda wasu ƙasusuwa da aka gani a titunan Mohenjo-daro, George Dales ya rushe wannan a 1964 da ya nuna gawarwakin ba na lokaci ɗaya ba ne. Abin da ya fi ƙarfi shi ne damina ta yi rauni, kogin Ghaggar-Hakra ya ja baya, ciniki da Iraƙi ya mutu, mutane suka watse zuwa ƙauyuka ta gabas da kudu.

A ƙauyukan nan ne nake ganin gadon ya rayu. Birni ya mutu, rubutu ya ɓace, amma uwa ba ta daina koya wa 'yarta abin da ta gani a gida ba. A kaburburan Harappa an sami mata da awarwaron ƙwaryar dodon-koɗin teku a hannun hagu, kuma har yau matan aure a Bengal suna sa irinsa. A Nausharo ta Balochistan an sami 'yan tsana mata da jan launi a tsagar gashinsu, daidai inda ka saba ganin matan aure suna shafa jan gari a finafinan Indiya. Addinin Hindu da muka sani ya haɗu ne a hankali, cikin ƙarnoni masu yawa, daga waƙoƙin Veda da al'adun mutanen da baƙin suka tarar suka aura suka zauna da su. Shi ya sa mai zuwa haikali a yau yake karanta baitin Veda, amma gunki da tafki da bishiya da furen da yake ajiyewa ba daga Rigveda suka zo ba.

Game da Buddha, a nan ya kamata ka fi taka-tsantsan. An haifi Siddhartha Gautama a Lumbini, cikin Nepal ta yau, ya yi rayuwarsa a kwarin Ganga ta gabas a ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin Miladiyya. Tsakaninsa da faɗuwar Mohenjo-daro akwai shekara wajen 1,400, tsakanin Bodh Gaya da garin kuma fiye da kilomita 1,500. Ƙubbar da Banerji ya tarar a kan tudun ba ta nuna gado ba, masu gininta sun sami wuri mai tsayi da tubali a shirye ne. Barewa biyu da ake zanawa a gefen alamar ƙafar keke da ke wakiltar koyarwar Buddha ma suna da nasu dalili, domin a dajin barewa na Sarnath ya yi wa'azinsa na farko, ba sai an je hatimin Marshall neman asalinsu ba.

Amma Buddha bai tashi a fili fetal ba. Littattafan mabiyansa sun ce kafin ya kama tasa hanya ya koyi halwa da tattara hankali a wurin malamai biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta. Yankin cike yake da masu gudun duniya da ake kira shramana, waɗanda ba su yarda da hadayar Brahmanawa, malaman addinin Veda, ba, Mahavira na addinin Jain ma daga cikinsu ya fito. Aƙidar karma, wato sakamakon aikin mutum yana bin sa, da sake dawowa duniya bayan mutuwa ba ta fito fili a Rigveda ba, sai a littattafan Upanishad na baya, kuma a ɗaya daga cikinsu, Chandogya, wani sarki ne yake koya wa Brahmane ita, yana gaya masa cewa wannan ilimi bai taɓa isa ga Brahmanawa ba kafin shi. Wannan ya sa ake ganin tana da tushe a wajen Veda. Wasu sun miƙa tushen har Indus, Johannes Bronkhorst kuma a 2007 ya kafa hujja cewa a yankin Magadha na gabas ta tsiro. Hujjarsa ta fi kusa da abin da ke hannu, domin kaburburan Harappa da tukwanen guzurinsu sun nuna imani da wata rayuwa bayan mutuwa, ba su nuna dawowa duniya ba.

Bishiyar ce dai ta sake haɗa su. A labarin 'yan Buddha, wata mata mai suna Sujata ta yi alwashi ga iskan da ke cikin wata bishiya, ta dafa shinkafa da madara ta kai, ta tarar da Gautama zaune a gindinta, ta ɗauka iskan ne ya fito, ta miƙa masa. A sassaƙan Bharhut da Sanchi, ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin Miladiyya, ba a zana Buddha da jikinsa ba, sai kujera babu kowa a gindin bishiya da mutane durƙushe. Ka ajiye wannan kusa da hatimin pipal na Mohenjo-daro ka duba. Buddha bai koyar da bautar bishiya ba, amma mutanen da suka karɓi koyarwarsa sun riga sun saba durƙusawa a gindinta.

Ka kuma riƙa lura da wanda ke magana, domin batun ya shiga siyasa. Da aka raba ƙasar a 1947 Harappa da Mohenjo-daro suka faɗa Pakistan, masu tonon Indiya suka duƙufa har suka fito da Lothal da Kalibangan da Dholavira. A yau masu kishin Hindu suna kiran wayewar da sunan Sindhu-Sarasvati don su haɗa ta da Veda, domin Sarasvati kogi ne da Rigveda ke ambata. 'Yan Tamil na kudu kuma suna cewa kakanninsu ne, suna dogaro da aikin Asko Parpola da Iravatham Mahadevan, waɗanda suke ganin harshen mutanen Indus ɗan dangin Dravidiya ne, wato dangin harsunan da Tamil ke ciki. Misalin da aka fi kawowa shi ne alamar kifi da ta yawaita a hatimai, domin a harsunan nan kalmar min tana nufin kifi, tana kuma nufin tauraro. A 2004 Steve Farmer da Richard Sproat da Michael Witzel suka ce alamomin ma ba rubutun harshe ba ne. A Janairun 2025 babban ministan jihar Tamil Nadu, M. K. Stalin, ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya warware rubutun.

Ni inda na sa ido shi ne Iraƙi. Mutanen can suna kiran wata ƙasa ta gabas Meluhha, wadda yawancin masana suka yarda ita ce Indus. Sarki Sargon na Akkad, wajen 2300 kafin Miladiyya, ya yi alfahari cewa jiragen Meluhha suna tsayawa a mashigin birninsa, kuma an tono hatiman Indus a Ur da Kish. A gidan tarihi na Louvre a Faransa akwai wani hatimin Akkad mai ɗauke da sunan Shu-ilishu, an rubuta aikinsa a jiki: tafintan harshen Meluhha. Inda aka yi tafinta an yi ciniki da yarjejeniya cikin harshe biyu, saboda haka a can ake iya samun allo mai harshe biyu da zai buɗe rubutun, kuma tuddan Iraƙi da ba a tona ba sun fi waɗanda aka tona yawa.